Yankari, Sumu ko Tula: ina ya fi dacewa ku kai iyali su taka daji da ƙafarsu?

Da zarar hutun makaranta ya matso, musamman na ƙarshen shekara da sanyi ya fara sauka, sai ka ji magidanta a Bauchi da Gombe suna tambayar juna inda za a kai yara su sha iska. Sunan da ke fara faɗowa daga baki Yankari ne, kuma ba laifi. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba kafin a sha mai a kama hanya: so kuke yaran su ga daji ta tagar mota, ko so kuke su taka shi da ƙafarsu, su hau tudu, su yi gumi, su dawo da ƙarangiya a wando? Kowanne da wurinsa, kuma wanda ya je neman ɗaya a wurin ɗayan zai dawo yana ganin an cuce shi. Wurare uku zan ɗora a sikeli: Yankari a ƙaramar hukumar Alkaleri, Sumu a Ganjuwa, sai tsaunukan Tula a Kaltungo ta jihar Gombe.

Abin da nake aunawa da shi a duk tafiyar iyali shi ne ƙafar autan gida da gwiwar wanda ya fi kowa shekaru. Ba ƙarfin maigida ake dubawa ba, ba kuma zumuɗin samarin gidan ba. In ɗan shekara huɗu ya gaji a tsakiyar hawa, wani zai goya shi har ƙarshe, kuma galibi mahaifiyarsa ce, wadda dama tun asuba take tsaye tana haɗa guzuri. In Hajiya Kaka ta kasa sauka matakala, tafiyar kowa ta tsaya.

Kada kuma a sa ran kurmi irin na kudu inda rana ba ta taɓa ƙasa. Dajinmu na itatuwa ne a warwatse cikin ciyawa: kawo, marke, taura, ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, kuka nan da can. Sai a bakin kogi ko cikin kwazazzabo ne yake cunkushewa ya yi duhu. Inuwa ke nan ba ta wadata ba, don haka duk inda kuka zaɓa, tafiyar ƙafa ta safe ce, daga fitowar rana zuwa hantsi.

Yankari ce babba a cikinsu, a shekaru da a girma. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, gwamnatin tarayya ta mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1991, sannan ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne. Daga Bauchi hanyar Gombe za ku bi, in kun kai Dindima ku ratse dama zuwa Mainamaji inda babbar ƙofa take. Wanda ya taso daga Gombe hagu zai yi. Isa ƙofa ba isa masauki ba ne, akwai sauran kilomita 40 da 'yan kai a cikin daji kafin sansanin Wikki, kuma ba hanyar gudu ba ce domin dabbobi na tsallakawa. Yaran da aka ce musu "mun iso" a Mainamaji sai sun sake haƙurin kusan awa guda. Gara a gaya musu tun a gida.

Ga abin da ya kamata mai son tafiyar ƙafa ya sani tun farko: a Yankari ba a barin baƙo ya kutsa daji a ƙasa yadda ya ga dama. Akwai giwaye, kuma garkensu na cikin mafi girma da suka rage a Najeriya. Akwai ɓauna, akwai 'yan zakunan da suka saura, akwai dorina da kada a kogin Gaji. Kewayen kallon namun daji a mota ake yi tare da jagora, da safe ko da yamma. Za ku iya ganin gwambaza da gwanki da mazo da kanki, ga tsuntsaye fiye da iri 350 ga mai haƙurin ɗaga kai, amma duk a zaune. Giwa kuwa sa'a ce. Wani iyalin ya ci karo da garke a fitar farko, wani ya kwana biyu bai ga komai ba sai kashinta da rassan da ta karya. Kada ku yi wa yara alkawarin giwa.

Tafiyar ƙafar da ake samu gajeru ne, a wuraren da jagora zai tsayar da mota ya ce a sauka. Wanda ya fi burge yara shi ne kogunan Marshall, ramuka 59 da mutanen dauri suka sassaƙa a jikin bangon dutsen yashi, waɗanda aka raɗa wa sunan P.J. Marshall da ya bayyana su a 1980. Bakin kowanne ƙarami ne, cikinsa kuwa ɗaki ne da mutum zai iya fakewa, kuma ana kyautata zaton mafaka ce ta zamanin hare-haren kamen bayi. Yaro ɗan firamare da ya leƙa ciki ya ji wannan bayani ba zai manta ba. Akwai kuma rijiyoyin Dukkey guda 139 masu haɗe da juna ta ƙarƙashin ƙasa, da tsofaffin matoyan narkar da tama na Shau-shau, da tsaunuka irin su Kalban da Kariyo inda ake hango dajin a shimfiɗe. Zuwa waɗannan ya danganta da yanayin hanya da samun jagora a ranar, saboda haka ku faɗi abin da kuke so tun da kuka iso, kada ku bari sai mota ta tashi.

Abin da ke riƙe iyali a Yankari, in za a faɗi gaskiya, ruwan Wikki ne. Yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin wani bangon dutse, garai-garai har kana ganin farin yashin ƙasa, kuma ɗuminsa na nan a digiri 31 dare da rana, rani da damina. Wurin wankan ya kai tsawon mita 200. Kusa da maɓulɓular yana da zurfin da zai iya shanye babba, can ƙasa kuma yana raguwa har yara su tsaya da ƙafarsu. A can ƙasan za a ajiye su, kuma babba ɗaya ya zama ba shi da wani aiki sai sa musu ido, ba waya, ba hira. Mata masu son sakewa su sauka da sassafe kafin jama'a su taru, da kayan da za su rufe jiki ko sun jiƙe. Daga sansanin zuwa ruwan matakala ce doguwa. Sauka ba wuya, dawowa ce ke sa tsofaffi tsayawa suna haki, don haka a bar su su hau a hankali, wani jika na riƙe da hannu.

Sai gwaggon biri. Za ka ga ƙato zaune a gindin bishiya yana sosa ciki, ya kau da kai, amma idonsa na kan baƙar ledar da ke hannun yarinya. Ya san leda, ya san kular abinci, ya san ƙofar mota da aka bari a buɗe. Kafin uwargida ta gama cewa "Malam, rufe gilashin nan," ya dira, ya fizge, ya haye rufin ɗaki yana ɓare masar da aka sayo a Bauchi. Abin dariya ne in an dawo gida, amma a lokacin yaro na iya firgita, kuma cizonsa ko yagarsa ba wasa ba ne. Kada yaro ya riƙe abinci a waje, kada a ba su komai, a ci a cikin ɗaki ƙofa a rufe. Gadu ma na yawo a sansanin yana kiwo a durƙushe, shi ba ruwansa da kowa muddin ba a matsa masa ba. A wajen kogin Gaji kuma akwai ƙudan tsando mai cizo da zafi. Baƙin kaya da shuɗi ke jawo shi, don haka a sa wa yara masu haske, masu dogon hannu.

Yankari ke nan: wurin kwana, wurin wanka, wurin kallo. Mai jariri, mai tsohuwa, da wanda yaransa ba su taɓa ganin naman daji ba sai a talabijin, nan ne nasu. Amma in kun ce tafiyar ƙafa kuka fito, abin da za ku taka a kwana biyu bai fi abin da yaro ke takawa zuwa makaranta ba.

Tula kuwa ƙafa ce ke aiki. Daga Gombe za ku kama hanyar Yola, ku wuce Kumo da Billiri zuwa Kaltungo, sannan ku ratse ku fara hawa. Tun kafin Kaltungo ƙasar ke sauya kama, duwatsu masu tsini na tasowa daga fili ɗaya bayan ɗaya. Hanyar hawan tana da lanƙwasa, saboda haka a duba birki da tayoyi tun a gida, direba kuma ya sauko da ƙaramar giya. A sama ne garuruwan Tula suke, Wange da Baule da Yiri, kuma iskar can ta fi ta kwari sanyi. Mutanen wurin sun yi suna da jarumta, mahayan dawakin ƙarni na 19 ba su iya cin su da yaƙi ba saboda tsaunin ya tsaya musu, shi ya sa ake musu kirari da "Tula, maza ba tsoro". Turawan mulkin mallaka ma a nan suka kafa mazaunin mulkin yankin Tangale-Waja, kuma gidan yarin da aka gina tun zamaninsu na nan.

Abin da na fi so yara su gani a Tula shi ne gonakin kan gangare. Manoman wurin sun jera duwatsu layi-layi a jikin tudu, kowane layi ya tare ƙasa ya zama 'yar gona, ta sama na kallon ta ƙasa. In ka matso kusa za ka ga ba siminti ba laka, dutse ne kawai aka ɗora kan dutse, babba a ƙasa, ƙanana sun cike tsakani, ciyawa ta fito a tsagar. Ruwan sama in ya sauko sai ya tsaya ya nutse maimakon ya kwashe ƙasar ya gangara da ita. Yaron da ake koya wa zaizayar ƙasa a aji, a nan zai ga maganinta da idonsa, a hannun mutanen da suka gaje shi kaka da kakanni. Ni a ganina wannan kaɗai ya isa dalilin zuwa.

Kada ku sa ran tagar sayar da tikiti, ko alluna masu nuna hanya, ko mai gadi da zai bi ku. Hanyoyin da za ku bi na manoma ne, waɗanda suke zuwa gona da rafi da maƙwabtan ƙauyuka. Wannan ne daɗin wurin, shi ne kuma nauyinsa. Gari ne na mutane, ba wurin shaƙatawa da aka keɓe ba. Ku fara da gaisuwa wurin mai unguwa ko wani dattijo: "Baba, barka da hutawa, baƙi ne mu daga Gombe, mun kawo yara su ga gari." Ku roƙi a haɗa ku da ɗan gari da zai yi muku jagora, ku gaya masa shekarun ƙaramin cikinku don ya zaɓi hanyar da ta dace, in an gama kuma ku sallame shi da hasafi mai kyau. Akwai duwatsu da koguna da mutanen wurin ke girmamawa, ba ko'ina ake shiga ba. A tambaya kafin a ɗauki hoton mutum. A hana yara taka jerin duwatsun gona ko ture su, domin abin da yaro zai rusa da wasa, wani zai wuni yana gyarawa.

Dole kuma a yi maganar maciji, kuma ba don tsoratarwa ba. Yankin Kaltungo na cikin wuraren da suka fi fama da saran kububuwa a ƙasar nan, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa, har akwai asibiti na musamman na masu saran maciji a garin Kaltungo, inda ake kawo marasa lafiya daga jihohin maƙwabta. Kububuwa ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, tana ɓuya ƙarƙashin duwatsu da tarin kara da busasshiyar ciyawa, ta fi fitowa da magariba da dare. Yawancin waɗanda take sara manoma ne da makiyaya masu aiki da hannu, ƙafa ba rufi, musamman lokacin noma da girbi. Mai tafiya da rana a kan buɗaɗɗiyar hanya haɗarinsa kaɗan ne in ya kiyaye. Kowa ya sa takalmi rufaffe da safa da dogon wando, ban da silifas. Ba ɗaga dutse, ba cusa hannu a rami, ba zama kan tarin kara. Jagora a gaba, yara a tsakiya, babba a baya. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure da igiya tamau, kada a tsaya neman mai magani. A cire zobe ko abin hannu, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti nan take ko da ya ce ba ya jin komai. Dafinta hana jini daskarewa yake yi, mutum na iya zama garau da farko sannan jini ya fara fita ta dasashi. Daga Tula asibitin ba nisa, wannan kuma abin kwantar da hankali ne.

Saboda waɗannan dalilai ba zan kai yaron da bai kai shekara bakwai ko takwas ba hawan Tula, sai dai a tsaya a cikin gari da bakin hanya a yi kallo. Amma ga 'yan shekara goma zuwa sama, waɗanda hutu ke ƙare musu a kan waya, babu kamarsa a cikin ukun nan. Su hau, numfashi ya ɗauke, su tsaya a bakin gangare su hango kwari da ƙauyuka da gonaki har inda ido ya ƙare. Ruwan sha, abinci, buta da darduma duk ku taho da naku, kuma ku kwashe ledojinku da robobinku ku koma da su. Kwana kuma a shirya shi a Kaltungo ko a koma Gombe.

Mutanen Bauchi da ke son irin wannan hawan ba sai sun je Tula ba. Dass na nan kudu da birni, duwatsu sun kewaye ta, ga tsaunin Mbula, kuma dokar ɗaya ce: gaisuwa, ɗan gari, rufaffen takalmi.

Sumu ba ta buƙatar dogon bayani. Tana kan hanyar Bauchi zuwa Ningi, a yankin Kafin Madaki, tafiyar kamar awa guda daga birni. A 2006, zamanin gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu, aka kawo dabbobi daga Namibiya aka zuba a dajin: raƙuman dawa, jakunan dawa, da wasu nau'o'in barewa da gwanki na kudancin Afirka. Ba zaki, ba giwa, don haka hankalin iyaye ya fi kwanciya, kuma ganin raƙumin dawa a nan ya fi ganin giwa a Yankari tabbas. Sai dai fili ne, ba tudu ba, ba ruwan wanka, kuma ba wurin da za ku dogara da shi don kwana ba. Fitar yini ce: a tashi bayan asuba, a ga dabbobi kafin rana ta yi zafi su shige inuwa, a ɗan taka inda ma'aikata suka yarda, a ci abinci a dawo gida kafin la'asar. Ga mai ƙananan yara da kuɗi kaɗan, ko wanda ke son gwada yadda iyalinsa za su jure kafin ya ɗauki doguwar tafiya, Sumu ta wadatar.

Lokacin zuwa ma ya raba su. Namun Yankari sun fi ganuwa a ƙarshen rani, daga Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe, ruwa ya janye, kowa ya taru a kogin Gaji. Amma wannan ne lokacin da zafi ke gasa mutum, kuma ƙananan yara ba sa jure shi. Disamba da Janairu sun fi sauƙi ga iyali ko da za a ga dabbobi kaɗan, ga shi ruwan Wikki ya fi daɗi da safiyar hunturu, tururi na tashi a kansa. Tula kuwa ta fi kyau bayan ɗaukewar ruwa, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, tsaunin na kore kuma hazo bai rufe nesa ba. Matsalar ita ce lokacin girbi ne, ciyawa ta yi tsawo, macizai na yawo. In aka jira Disamba hanyoyi sun buɗe, an kwashe amfanin gona, amma ƙurar hunturu na iya cinye rabin abin da za a hango. Da yara, ni Disambar zan ɗauka. Da damina kuwa a haƙura da duka ukun, duwatsu na santsi, hanyoyin daji na caɓewa.

Ta fuskar aljihu, Yankari ce mai nauyi: kuɗin shiga, na kewaye da jagora, na ɗaki, na abinci, ga mai na zuwa da dawowa. Farashi na sauyawa, don haka ku kira ku tambaya, ku kuma kama ɗaki da wuri in lokacin sallah ne ko Kirsimeti, sa'ad da wurin ke cika. Tula kusan kuɗin mai ne da sallamar jagora. Sumu na tsakani, ta fi kusa da Tula a sauƙi.

Tsaro kuma ba abin da za a kau da kai a kansa ba ne. A shekarun nan an sha jin rahoton 'yan bindiga a wasu ƙauyukan Alkaleri da ke gefen dajin Yankari, haka ma a dajin Lame-Burra ta wajen Toro da Ningi. Wannan ba ya nufin wuraren ziyarar a rufe suke, amma labarin bara ba ya amfani bana. Ku tambayi ma'aikatan wurin da wani da kuka sani a yankin a cikin makon da za ku tafi, ku bar wa ɗan'uwa a gida bayanin inda kuka nufa da lokacin dawowa, domin sabis ɗin waya na ɗaukewa a cikin daji da bayan tsauni.

In gidanku akwai mai goyo ko tsoho, kuma kuna da halin kwana, ku tafi Yankari, ku nemi a kai ku kogunan Marshall don ƙafa ta ɗan motsa. In yaran ƙanana ne kuma yini ɗaya kuke da shi, Sumu. In sun tasa, kuma abin da kuke nema shi ne su san ƙarfin jikinsu su kuma ga yadda wasu ke rayuwa a kan dutse, Tula, ko Dass ga na Bauchi. Iyalin da ya haɗa manya da ƙanana, gara a raba tafiyar gida biyu a hutu daban-daban da a ja kowa zuwa wurin da rabinsu za su wahala. Wanda ya zaɓi Tula daga Gombe ya tashi bayan sallar asuba, ya fara hawa kafin ƙarfe 8, ya juyo da ƙarfe 11 ko an kai inda aka nufa ko ba a kai ba, ya kuma sauko daga tsaunin da sauran rana a sama don kada magariba ta same shi a kan lanƙwasar hanya.